Mai haɗa sola da la'adar mai shago: shawarar wa kwastoma yake ji?

Shugaban zaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin unguwannin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, mutanen da ba su taɓa tunanin sola ba suka fara tambayar farashi. Duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 ya ƙarasa jawo sauran. Ƙorafin da ya fi yawa yanzu shi ne mutum zai kira masu haɗa sola uku su duba gida ɗaya, a ba shi lissafi uku da ba su ko yi kama da juna ba. Wannan ya ce inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida) 5kVA da farantin sola takwas, wancan ya ce 2.5kVA da batir biyu sun isa, na uku ya ce in ba litiyam ba kada ma a fara. In ka bi diddigi, sai ka tarar kowanne lissafinsa ya yi daidai da kayan shagon da yake hulɗa da shi. To masana, shin ya dace wanda zai ba da shawara ya kasance yana da rabo a cikin kayan da za a saya? In bai dace ba, ya za a yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Kafin a shiga batun la'ada, bari mu ga yadda shawara ta gaskiya take, don mutane su iya gane ta. Duk wanda ya faɗa maka girman inbata kafin ya zaga ɗakunanka da biro da takarda, ba shawara ya ba ka ba, talla ya yi maka.

A ɗauki gida mai fanka huɗu ta sama, ƙwan lantarki goma, talabijin da dikoda, da firiza ɗaya. Dare ake fara lissafawa, domin shi ke nuna girman batir. Fanka uku masu 70W na awa 10 sun ci 2,100Wh (Wh shi ne W sau awa, ma'aunin wutar da aka ci). Ƙwai goma masu 10W na awa 5, 500Wh. Talabijin da dikoda 100W na awa 5, 500Wh. Firiza cikin dare a ba ta 600Wh. Jimla 3,700Wh. Inbata tana cin nata wajen juya wuta, don haka batir zai fitar da kamar 4,200Wh. Batir tubula, wato na dalma mai ruwa, 12V 220Ah yana ɗauke da 2,640Wh a rubuce, amma rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 1,320Wh. Ka ga biyu ba za su kai asuba ba, sai huɗu. In litiyam ne, mai 5.12kWh, wato 5,120Wh, guda ɗaya ya isa, domin shi ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari.

Sai rana. A ce ana cin 2,500Wh da rana, jimlar yini da dare ta zama 6,700Wh. Faranti mai 550W, in ka lissafa da awa 5 na rana mai ƙarfi ka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya, zai ba ka kamar 2,000Wh. Huɗu ke nan. Wannan lissafin bai fi shafi ɗaya ba, kuma haƙƙin kwastoma ne ya gan shi da idonsa.

Baban Amira:
Injiniya, lissafinka babu gyara. Amma a faɗi gaskiyar kasuwa. Wa zai biya ka kuɗin wannan shafin? Mai haɗa sola zai hau mashin ya tafi bayan gari, ya hau kwano ya auna, ya zauna ya yi lissafi, mai gida ya ce a turo masa ta WhatsApp zai yi tunani. Washegari ya ɗauki takardar ya shiga Sabon Gari ya sayo kayan da kansa, ya kira yaron da zai haɗa masa a rabin kuɗi. Kuɗin aiki kuma in ka faɗi na gaskiya a ce ka cika tsada. Shi ya sa da yawa suke rage kuɗin aiki su cike giɓin da la'adar shago. Ba na cewa daidai ne, amma kwastoma da kansa yake tura mutane can.

Injiniya:
Na yarda da rabin maganarka, ɗan uwa. Amma duba abin da la'adar ɓoye take hana mutum faɗa. A misalin nan na sama, fanka ce ta cinye fiye da rabin wutar dare. In aka canza ukun nan zuwa fanka mai cin 30W, 2,100Wh ta koma 900Wh. An rage 1,200Wh, kusan batir tubula guda cur. Kuɗin fanka uku bai kai na batir ɗaya ba, kuma batir sai an sake shi bayan 'yan shekaru. Wanda rabonsa yake cikin batir, me zai sa ya buɗe baki ya faɗi wannan?

Haka girman inbata. Kayan gidan nan duk a kunne ba su kai 700W ba, ko an haɗa da fizgar da firiza take yi in za ta tashi, 2.5kVA ko 3kVA ta wadatar. Mutane suna ɗauka babbar inbata ita ce babbar sola, alhali inbata ba ta ajiye wuta. Da yawa daga cikin inbatoci masu 5kVA suna cin 50W ko fiye ko ba a kunna komai ba. Ka buga da awa 24, 1,200Wh ke nan a banza kullum. An sayar wa mutum abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa, kuma abin yana shan batirinsa dare da rana.

Alhaji mai batir:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu na 'yan kasuwa. La'ada ba sabon abu ba ce, kowace kasuwa da dillalanta. Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, ba a kan kowane kaya la'ada take yin tsoka ba. Kayan da suka yi suna, suke tafiya da kansu, ribarsu siririya ce, abin da za a ba wanda ya kawo ciniki kaɗan ne. Inda ake sakin hannu shi ne kayan da suka daɗe a sito, ko sabon suna da ba a sani ba. Ke nan wanda yake bin la'ada mafi tsoka, ko bai yi niyya ba, ƙafarsa za ta kai shi ga kayan da suka fi rauni.

Batirin dalma ba ya son zama. In ya yi wata shida a ajiye ba caji, farantansa na ciki sun fara kama gishiri, kuma ba zai koma yadda yake ba. A duba ranar da aka ƙera shi a jiki. A sa mita a kansa kafin a ɗora a mota: cikakke yana nuna 12.6V zuwa 12.8V, in ya yi ƙasa da 12.4V ya sha zama. A kuma ɗora shi a sikeli. Tubula 220Ah da ruwansa yana kai kilo 60 ko fiye. In ka ga an rubuta 220Ah amma yaro ɗaya ya ɗauke shi ba nishi, dalmar ciki ba ta kai ba. Mai ba da shawara na gaskiya shi zai ce a yi wannan gwajin a gaban mai shago, ko da abokin cinikinsa ne na shekara goma.

Maman Hanif:
Sannunku da ƙoƙari. Baban Amira, matsalar da ka kawo tana da magani, kuma shi ne tsarin da ake bi wajen sayen kaya a ofisoshi masu tsari. A raba abu uku da aka saba cuɗawa: kuɗin dubawa da lissafi, kuɗin kaya, kuɗin aiki. Kuɗin dubawa a faɗe shi tun a waya, a biya kafin a hau mashin, da sharaɗin in an ba ka aikin za ka cire shi daga kuɗin aiki. Wanda ya ƙi biyan wannan ɗan kuɗin, dama ba zai ba ka aikin ba, ka huta da ƙona mai.

Takardar da za a ba kwastoma kuma ta faɗi siffar kaya, ba sunan shago ba. Misali: batir litiyam 25.6V 200Ah, inbata 3kVA mai 24V, faranti huɗu masu 550W, waya mai kauri kaza tsawon mita kaza. In za a ambaci kamfani, a ambaci biyu ko uku da aka yarda da su. Da wannan takardar mai gida zai nemi farashi a wuri uku, ya gwada abu ɗaya da abu ɗaya. Abin da yake rikita mutane yanzu shi ne jimla ɗaya ake ba su, "komai da komai miliyan kaza", babu yadda za a san nawa ne batir, nawa ne waya.

Biya ma a yi shi kashi-kashi. Kuɗin kaya in an ga kaya da rasit, kuɗin aiki in an gama, a riƙe kamar kashi goma na kuɗin aiki sai an yi sati biyu ana amfani. Mai aikin da ya san abin da ya haɗa ba ya tsoron wannan sharaɗin.

Baban Amira:
Hajiya, tsarin yana da kyau, amma akwai rami a ciki. In kwastoma ya sayo kaya da kansa, batir ya mutu a wata biyar, wa za a kama? Mai shago zai ce mai haɗi ne ya lalata, mai haɗi ya ce kayan jabu ne. Mai gida ya tsaya a tsakiya. In ni na kawo kaya na haɗa, wuyana ɗaya za a riƙe. Kuma wanda zai ɗauki wannan nauyin dole ya ci riba a kan kayan, domin shi zai yi jigilar mayarwa, shi zai ba da aron batir kafin a canzo.

Malam:
Allah ya saka da alheri. Maganar Baban Amira ta kawo mu inda malamai suka bambance. Mutum yana iya zama mai sayarwa, yana iya zama wakili, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. In ka ce wa mai gida, "Ni zan sayar maka da kayan nan a kan kaza, garanti a wuyana," kai ɗan kasuwa ne, ribarka halal ce, ba dole ka faɗi nawa ka saro ba, matuƙar ba ka ɓoye aibi ba. Amma in ya ba ka kuɗi ya ce je ka sayo mini, kai wakili ne. Ragin da aka yi maka nasa ne, sai in ya sani ya bar maka. Karɓo rasit mai farashi sama da abin da aka biya kuwa, wannan ha'inci ne ƙarara.

Abin da ya fi yawa a yau shi ne mutum ya shigo da rigar mai shawara, ya fita da ribar ɗan kasuwa, mai gida bai san an canza riga ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Don haka ba a hana ka cin riba ba, ɗana. An ce ka faɗi matsayin da kake tsaye a kai tun farko.

Baban Amira:
Na gamsu da wannan bambancin, Malam. Sai dai in ka ce wa mutum "shagon nan suna ba ni kashi kaza," wani take zai fara zarginka.

Maman Hanif:
Wani zai yi, amma ka duba ɗaya gefen. Sirrin la'ada ba ya daɗewa. Ranar da mai gida zai koma shagon sayen ruwan batir, ko ƙaninsa ya tambayi farashi, zai gano. Daga ranar duk abin da ka taɓa faɗa masa ya zama abin shakka, har wanda ka faɗa da gaskiya. Aikin sola kuma ba na rana ɗaya ba ne: akwai ƙarin faranti, canjin batir, gidan ɗan uwa, masallacin unguwa, shagon maƙwabci. Kusan duk aikin da masu wannan sana'a suke samu daga bakin wanda aka yi wa aiki yake fitowa. In ka faɗa da bakinka, ka kuma ce ga wasu shaguna biyu ya gwada, kai ka ba shi abin da zai auna ka da shi, kuma yawanci wurinka zai dawo.

Injiniya:
Akwai wani wuri da son rai yake ɓuya wanda ya fi batir hatsari, kuma ba a cika magana a kai ba. In aka yi jimla ɗaya, aka matse farashi, inda ake rage kuɗi shi ne abin da mai gida ba ya gani.

Waya ta farko. Inbata mai jan 3,000W a kan 24V tana jan amfiya 125 daga batir. Wannan yana son waya mai kaurin 35mm², gajera, da kan waya da aka matse da abin matsewa, ba wanda aka bubbuga da guduma ba. In aka sa 16mm², za ta yi zafi, wuta ta faɗi a hanya, inbata ta riƙa kukan batir ya ƙare alhali da saura. Akwai kuma wayar da cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe. A kankare bakin silin da wuƙa: in fari ya bayyana, ba tagulla ba ce. Daga faranti zuwa ƙasa a yi amfani da wayar sola ta ainihi, 4mm² ko 6mm², mai jure rana. Wayar gida a kan kwano, bayan rani biyu robarta ta farfashe.

Na biyu bireka, na'urar da ke yanke wuta in ta wuce ƙima. Ta wutar NEPA daban, ta wutar batir da faranti daban. Wutar batir in ta yi tartsatsi ba ta yankewa da kanta, don haka bireka ta gida tana iya narkewa ta kama wuta maimakon ta yanke. A duba a ga an rubuta DC, alamar wutar batir da faranti, a jiki, da ƙarfin da take ɗauka. Na uku, sandar ƙasa da na'urar kare tsawa. Da damina ake gane wanda aka yi wa wannan da wanda ba a yi wa ba.

Na huɗu, jeren faranti ya dace da na'urar caji. Faranti mai 550W yana ba da kusan 50V in ba a ɗora masa komai ba, kamar 41V yana aiki. Wasu inbatoci ba sa fara caji sai sun ga 120V, ka ga faranti biyu a jere ba za su tashe ta ba. Wata kwanturola, wato na'urar caji, kuma iyakarta 100V ko 150V, in ka jera mata huɗu, 200V ke nan, ta ƙone. Da sanyin safiyar hunturu ƙarfin yana ƙara hawa, shi ya sa ake barin tazara. Duk wannan yana rubuce a takardar na'urar, karantawa ce kawai.

Alhaji mai batir:
In ƙara a kan faranti. Awo da tef ya isa ya tona asiri. Farantin zamani yana ba da kamar 210W a kowace murabba'in mita. Mai 550W tsawonsa ya kai kusan mita 2.27, faɗinsa 1.13. In aka kawo maka mai tsawon mita 1.7 da faɗin mita 1 an manna masa takardar 550W, takardar ce sabuwa, farantin bai wuce na 350W ba.

Litiyam kuma ba a gane shi da ido, akwati ne a rufe. Gwajinsa: a cika shi, a cire faranti da NEPA, a ɗora masa kaya da aka san nauyinsu, a ce 500W, a duba agogo. Mai 5.12kWh na gaskiya zai yi awa 8 ko kusa. In ya mutu a awa 4, ko ƙwayoyin ciki tsofaffi ne, ko adadin da aka rubuta ƙarya ne. A yi wannan a satin farko, tun rasit bai yi sanyi ba.

Baban Amira, kan batun wa za a kama: mai haɗi ya raka mai gida shago, a rubuta lambar jikin kowane batir a rasit, a ɗauki hoton saitin caji a fuskar inbata ranar da aka gama. Yawancin rigimar garanti daga saiti take, an bar inbata a saitin wani nau'in batir daban. In akwai hoton, gardama ta ƙare.

Barista:
Ta fuskar doka, abu biyu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yi wa mai saye bayanin yaudara, ta kuma ba shi haƙƙin mayar da kayan da ba su kai ingancin da aka faɗa ba. Amma haƙƙi ba ya aiki sai da hujja. Rasit da aka rubuta "kayan sola" kawai ba ya tabbatar da komai. A rubuta nau'i, ƙarfi, lamba, tsawon garanti, da abin da garantin ya ƙunsa: canji ne ko gyara, wa zai biya mota. In an yi alkawarin "zai kai ka asuba da fanka uku," a sa shi a takarda ko a saƙon waya.

Na biyu, ana iya tambayar shaidar ƙwarewa ba tare da an ci fuskar kowa ba. COREN ce take rajistar injiniyoyi da masu fasaha, NEMSA kuma take ba masu haɗa wuta takardar shaida. Takarda ba ta sa mutum ya zama mai amana, amma tana nufin akwai inda za a kai ƙararsa. In aikin babba ne, na makaranta ko asibiti ko masallacin Juma'a, a ɗauki wanda zai tsara ya kuma duba aikin, dabam da wanda zai kawo kaya, a rubuta cewa ba shi da rabo a wurin kowane mai kawo kaya.

Shugaban zaure:
Injiniya, wani ya tambaya ta bayan fage: akwai lokacin da shawarar gaskiya ita ce kada a saya?

Injiniya:
Akwai, kuma da yawa. Mai rijiyar burtsatse da yake son batir don famfo: a ce masa ya sa faranti su ja ruwa da rana zuwa tanki, tankin shi ne ajiyarsa, babu buƙatar batir ko ɗaya. Tela ko mai shagon da yake rufewa da magariba: faranti ya fi buƙata, batir ƙarami ya isa. Mai son kunna esi 1.5HP har asuba da kuɗin batir biyu: a faɗa masa ba zai yiwu ba. Esin nan yana cin sama da 1,000W, awa 8 yana iya shan 6,000Wh zuwa 8,000Wh, ya fi abin da duk sauran gidan ke ci cikin dare. Gara ya ji haushi yau da ya kashe batir a wata shida. Wanda ɗakin ajiyarsa ba iska, ko ba wanda zai riƙa duba ruwan batir duk wata ko wata biyu, kada a ba shi tubula. Zafi yana cin batirin dalma, duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa, kuma yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. Wanda kuma batirinsa ɗaya ya mutu cikin huɗu da suka shekara biyu, kada a sa masa sabo ɗaya a cikin tsofaffi, za su ja shi ƙasa.

Baban Amira:
Wannan na ƙarshen yana da wuyar faɗa, domin mai gida zai ɗauka so kake ka sayar masa da huɗu.

Injiniya:
Shi ya sa ake nuna masa, ba a faɗa masa kawai ba. A cika su, a bar su su huta awa biyu ko uku, a auna kowanne shi kaɗai, a rubuta. A ɗora kaya na awa ɗaya, a sake aunawa yana tsaye yana kallon mita. In tubula ne a zuƙi ruwan kowane rami da ma'aunin ruwan batir, ramin da ya bambanta da sauran shi ne ya mutu. In ukun da suka rage suna da sauran ƙarfi kuma inbatar 48V ce, a nemo na hannu mai irin shekarunsu ya cike gurbin kafin a tara kuɗin canza duka. In 24V ce, a zaɓi biyu mafi ƙarfi a haɗa, a rage kayan dare zuwa abin da za su iya ɗauka, a ajiye na ukun ana ba shi caji duk wata.